Konstantin Tsiyolkofski: Kurman Malamin Makarantar Da Ya Tsara Gida A Sararin Samaniya

Shekarar 1903 ba baƙuwa ba ce ga duk ɗan Arewa da ya san tarihin ƙasarsa. A cikinta ne Kano ta faɗa hannun Turawa a watan Fabrairu, Sakkwato ta bi baya a watan Maris, sannan a ƙarshen Yuli Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi. To a tsakanin faɗuwar Sakkwato da yaƙin Burmi, cikin watan Mayu, wata mujallar kimiyya da ake bugawa a birnin San Fitasbag na ƙasar Rasha ta fito da wata maƙala wadda kusan babu wanda ya kula da ita. Marubucinta malamin makaranta ne a wani gari mai suna Kaluga, kurma ne, kuma ko takardar gama sakandare ba shi da ita. Abin da ya yi a maƙalar shi ne, ya nuna da alƙalami da lissafi cewa ɗan'adam zai iya fita daga wannan duniya tamu ya shiga sararin samaniya, ya kuma faɗi irin abin hawan da zai kai shi da irin man da abin hawan zai sha. A wannan lokaci ko jirgin sama mai inji bai taɓa tashi da mutum ba, sai a watan Disamba na shekarar ne 'yan'uwan nan biyu na Amurka, 'ya'yan gidan Rait, suka tayar da nasu.

Sunan mutumin Konstantin Tsiyolkofski. Tun da sana'ata nazarin harshe ce, bari in yi wa mai karatu nuni tun da wuri: sautin farko na sunansa ba irin na Tsafe ko tsamiya ba ne, wanda mu Hausawa muke furtawa da tunkuɗar iska daga maƙogwaro. Nasu na Rashanci sassauƙa ne. Wanda kuwa harshensa ya gaza, sai ya kira shi Malam Konstantin, ba kuma a yi masa ƙage ba, domin kimanin shekara 40 ya yi da alli a hannu, da malanta ya ci ya sha, da ita ya ciyar da iyali.

An haife shi ranar 17 ga Satumba, 1857, a wani ƙauye cikin lardin Riyazan, zamanin da Aliyu Babba ɗan Muhammadu Bello yake Sarkin Musulmi a nan ƙasarmu. Mahaifinsa ma'aikacin gandun daji ne mai asali da ƙasar Folan, mahaifiyarsa Mariya kuwa ita ta koya masa karatu a gida. Yana wajen shekara 10 sai ya kamu da wani mugun zazzaɓi mai fesar da jajayen ƙuraje. Ya tashi, amma jinsa ya tafi, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Iyalin suka ƙaura zuwa Biyatka, aka sa shi makaranta a 1869, amma me zai ji? Malami yana gaban allo yana bayani, yaro sai kallon leɓe. Shekara ɗaya bayan haka mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara 13, a 1873 kuma aka sallame shi daga makarantar, bai sake zama ɗalibi a wani aji ba har ya bar duniya.

A nan dole in ɗan dakata, domin wannan yaro ba baƙo ba ne a gare mu. Sanƙarau ya yi ta'adi a Arewa a 1996, ya kuma dawo a 2017, inda Zamfara ta zama jihar da ta fi kowace jin jiki, kuma likitoci sun tabbatar da cewa ɗaya daga cikin tabon da cutar ta fi bari ga waɗanda suka tsira shi ne kurumta. Ina waɗannan yara suke yanzu? Duk wanda ya san tashar mota ta Gusau ko kasuwar Tsafe ya san amsa. Mu dai da mun ga yaro ba ya ji sai mu kira shi bebe, mu yanke hukuncin cewa wanda kunnensa ya toshe, kansa ma ya toshe. Alhali maganar hannu da kurame suke yi a ƙasar Hausa harshe ce cikakkiya mai nata nahawu, har wata masaniyar harshe Bajamushiya, Konstanze Shimalin, ta wallafa littafi sukutum a kanta a shekarar 2000 bayan binciken da ta yi a Kano. Abin da ya raba ɗan Biyatka da ɗan Bungudu, a ganina, abu biyu ne kawai: uwar da ta riga ta koya masa karatu kafin cutar ta zo, da uban da bai cire rai da shi ba.

Uban nan ya lura da yadda ɗansa yake ƙera 'yan na'urori da hannunsa, sai ya tura shi Mosko yana ɗan shekara 16. Bai shiga wata makaranta a can ba, ɗakin karatu na jama'a ya mayar jami'arsa. Shekara 3 ya yi yana zuwa da safe ya tashi da yamma, ya koya wa kansa lissafi tun daga tushe har zuwa manyan rassansa, da kimiyyar fiziks da ta sinadarai da ilmin taurari. Mahaifinsa yakan aiko masa da rubul 10 zuwa 15 a wata, shi kuwa abin da yake kashewa a kan cikinsa bai kai rubul 1 ba, baƙin burodi da ruwa kawai. Sauran kuɗin duk a littattafai da kwalabe da sinadaran gwaji suke ƙarewa. A ɗakin karatun ne ya haɗu da wani ma'aikaci mai suna Nikolai Fiyodorof, mutum mai zuhudu da baƙon tunani, wanda yake zaɓo masa littattafai yana ajiye masa a kan tebur. Duk almajirin da ya taɓa barin gida da ɗan guzuri a jaka ya tafi gabas neman ilmi zai gane wannan rayuwa ba sai an fassara masa ba.

Da labarin ramarsa ya kai gida sai uban ya kira shi a 1876. Ya zauna jarrabawar malanta daga gida a 1879 ya ci, a farkon 1880 aka tura shi Borofsk, wani ɗan ƙaramin gari, ya koyar da lissafi a makarantar gunduma. A can ya auri Barbara Sokolofa, 'yar mai gidan da ya kama haya. Da rana yana aji, da dare yana bincike. Aikinsa na farko a kan yadda ƙwayoyin iska suke motsi ne, ya aika wa ƙungiyar masana kimiyya ta San Fitasbag yana jiran yabo, sai amsa ta zo daga Mendeleyef, mai shahararren jadawalin sinadarai, cewa lissafin daidai ne, amma an riga an gano wannan abu shekara 25 da suka wuce. Wannan ita ce ribar zaman ƙauye ga mai ilmi: ka sha wahala ka haƙa rijiya, ka tarar da wasu sun daɗe suna shan ruwanta. Na san malaman sakandare a jihar nan masu kaifin basira da suke cikin irin wannan hali, babu mujalla, babu ɗakin gwaji, babu abokin muhawara. Shi dai bai karaya ba, masanan ma sun ga alamar hazaƙa a tare da shi, suka amince su karɓe shi cikin ƙungiyarsu.

A 1883 ya rubuta wani ɗan littafi da bai buga ba, a kan yadda rayuwa za ta kasance a wurin da babu nauyi: babu sama babu ƙasa, ruwa ba ya zuba daga moɗa, mutum ba ya iya takawa. Ya tambayi kansa, to yaya za a yi motsi a wurin da babu abin dafawa? Amsarsa ita ce, sai ka jefar da wani abu baya, kai kuma ka tafi gaba. Maharbi ya san wannan, domin duk lokacin da bindiga ta tashi sai ta bugi kafaɗarsa. A cikin rubutun har ya zana jirgi mai manyan faifai biyu masu juyawa a cikinsa, waɗanda za su riƙe shi kada ya yi ta wulwulawa, kamar yadda katantanwa take tsayawa cak matuƙar tana juyi. Tun kafin wannan ma ya taɓa ƙera wata na'ura mai kama da majaujawa, ya sa 'yan tsaki da kyankyasai a ciki ya juya su da ƙarfi, don ya ga ko mai rai zai jure matsin da gudu yake haifarwa. Maƙwabta suka ce malam ya taɓu.

A 1892 aka mayar da shi Kaluga, inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Mutanen garin sun san shi da wani dogon mazurari na kwano da ya ƙera wa kansa, yakan kara shi a kunne in zai saurari baƙo. Shekarunsa masu yawa da kuɗinsa sun tafi ne a kan wani ƙaton balan-balan na ƙarfe mai ɗaukar fasinja da yake mafarkin ƙerawa, abin da bai taɓa yiwuwa ba. A 1897 ya gina na'urar hura iska don auna yadda iska take tokare abu mai gudu, Cibiyar Kimiyya ta Rasha ta ba shi gudummawar rubul 470, kuma ita ce kaɗai taimakon kirki da ya samu daga hukuma a zamanin sarakunan Rasha. A wannan shekara ta 1897 ne ya rubuta ƙa'idar lissafin nan da har gobe ake kiranta da sunansa, wadda babu injiniyan roka da zai fara aiki ba tare da ita ba.

Ƙa'idar ba ta da wuyar fahimta in aka cire alamomin lissafi. Gudun da roka za ta kai ya dogara ne a kan abu biyu: ƙarfin gudun hayaƙin da take fesarwa ta baya, da yawan man da ta ɗauka in aka gwada shi da nauyin gangar jikinta. Matsalar ita ce, man shi ma nauyi ne, sai an ƙona wani man kafin a ɗaga shi. Kamar falke ne da zai ratsa hamada da raƙumi, dole raƙumin ya ɗauki abincinsa, kuma iya nisan tafiya, iya yadda abincin zai cinye wurin haja. Shi ya sa har yau kusan kashi 9 cikin 10 na nauyin roka a lokacin tashi mai ne. Malam Konstantin ya lissafa cewa ana bukatar gudun kusan kilomita 8 a cikin daƙiƙa ɗaya kafin abu ya iya kewaya duniya bai faɗo ba, ya ga cewa albarushi ba zai kai ba, sai ya ba da shawarar a sanyaya iskar haidirojin da ta oksijin har su zama ruwa a ƙona su tare. Da wannan haɗi ne matakan sama na rokar Amurka suka kai mutum duniyar wata a 1969.

Sai dai kash, maƙalar tana fitowa editan mujallar ya rasu a watan Yuni, mujallar ta mutu tare da shi, sai a 1911 aka samu wata ta buga ci gaban aikin. Shekarun nan masu ɗaci ne. Ɗansa Ignati, ɗalibin jami'a, ya kashe kansa a 1902. A 1908 kogin Oka ya yi ambaliya ya shiga gidansa ya lalata littattafai da na'urori, bayan tun a Borofsk gobara ta taɓa cinye masa rubuce-rubucensa na ƙuruciya. A 1911 aka kama 'yarsa Liyubof saboda siyasa. Duk da haka ya ci gaba da tsakurar albashinsa yana buga 'yan ƙananan littattafai a maɗaba'ar garin, yana aika wa duk wanda ya nema.

Abin da ya bambanta shi da sauran magabatan wannan fanni shi ne, shi roka ba ita ce burinsa ba, jaki ce kawai ta kai kaya. Burinsa gida ne, mazauni na dindindin a sararin samaniya. Ya bayyana wannan dalla-dalla a wani ƙagaggen labari da ya buga a Kaluga a 1920, wanda ya sa aukuwarsa a shekarar 2017. A cikinsa masana daga Faransa da Ingila da Jamus da Italiya da Amurka da Rasha suka haɗa kai suka tashi, suka zauna suna kewaya duniya, suka harhaɗa lambun gilashi a can sama daga kayan da suka tafi da su. Ya yi bayanin rigar da mutum zai sa ya fita waje, da igiyar da zai ɗaure kansa da ita, da ɗaki mai ƙofa biyu wanda za a bi a fita ba tare da iskar gidan ta tsere ba. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan, zaure ne, sai dai ba a buɗe ƙofar waje sai an rufe ta ciki an zuƙe iskar da ke tsakani.

Yanzu mu ɗaga kai mu ga abin da ya tabbata. Tashar Ƙasa da Ƙasa ta sararin samaniya tana shawagi ne a nisan kimanin kilomita 400 daga doron ƙasa, wato kwatankwacin tafiyar mota daga Sakkwato zuwa Zariya, a hanyar nan da ta ratsa Bungudu da Gusau da Tsafe, in da za a miƙar da ita tsaye. Gudunta ya kusa kilomita 28,000 a awa, kafin ka ƙirga goma ta wuce daga saitin Bungudu zuwa na Tsafe, tana kuma gama kewaya duniya a cikin minti 90 da 'yan kai, shi ya sa mazaunanta suke ganin fitowar rana sau 16 a kwana ɗaya. Mutane da yawa suna zaton ƙarfin jan ƙasa ne bai kai can ba. Ya kai, kusan kashi 90 cikin 100 na yadda yake a nan. Abin da ke faruwa shi ne, tashar kullum cikin faɗowa take, amma saboda tsananin gudunta, kuma duniya mulmulalliya ce, sai ƙasa ta riƙa kauce mata. Ita da mutanen cikinta tare suke faɗowa, shi ya sa suke yawo kamar audugar rimi.

Babu rokar da za ta iya ɗaga gini mai nauyin tan sama da 400 da tsawon mita 109, wanda ya ɗara filin ƙwallo. Saboda haka ɗaki-ɗaki aka gina ta, kamar yadda magidanci yake gina gidansa in albashi ya shigo. Ɗakin farko, wanda Rashawa suka ƙera, ya tashi daga Baikonur ranar 20 ga Nuwamba, 1998, na Amurka ya biyo baya a watan Disamba aka haɗa su baki da baki. Sai da aka yi tashi sama da 40 ana kai ɗakuna da ginshiƙai da faifan hasken rana, 'yan sama-jannati suna fita ta zauren nan suna ɗaura su da hannu. Mutum uku na farko sun tare ranar 2 ga Nuwamba, 2000, kuma tun daga ranar gidan bai taɓa zama kango ba. Ƙasashe 15 ne suka haɗa hannu, ana kula da ita daga Hustan ta Amurka da kuma wani gari kusa da Mosko, mazaunanta kuwa, waɗanda yawanci mutum 7 ne, da agogon GMT suke kwana suke tashi, agogon nan da duk mai sauraron rediyo a ƙasar Hausa ya sani.

Wutar lantarki daga rana take zuwa, a tara ta a batura saboda rabin awa da 'yan mintocin da ake yi a inuwar duniya a kowane zagaye. Manyan faifai 4 masu juyawa ne suke riƙe da tashar kada ta karkace, wato katantanwar da malamin Borofsk ya zana a 1883. Iskar shaƙa kuwa daga ruwa ake samunta, a sa masa lantarki ya rabu gida biyu, a shaƙi oksijin, wasu na'urori kuma su tsotse gurɓatacciyar iskar da ake fitarwa. Ruwan kansa ba a zubar da shi, gumi da tururin numfashi da fitsari duk tacewa ake yi a mayar da su ruwan sha, kuma a 2023 hukumar NASA ta ba da sanarwar cewa na'urorinta sun kai ga dawo da kashi 98 cikin 100. Ni da nake zaune a garin da mai ruwa da kurarsa yake da daraja a watan Afrilu, wannan adadi ya fi gudun tashar ba ni mamaki. Saboda ɗan burbushin iskar da ke can yana rage mata gudu, lokaci-lokaci sai kumbon kai kaya ya kunna injinsa ya ɗan tura ta sama. Hatta batun ibada an yi shi, don da ɗan Malesiya, Shehu Muzaffar Shukur, zai je a watan azumi na 2007, malaman ƙasarsu sun zauna sun fitar da littafin jagora a kan alƙibla da lokutan salla a wurin da rana take faɗuwa sau 16.

Ba duk hasashensa ne ya tabbata ba. Ya so lambu ya ciyar da mazauna tashar ya kuma sabunta musu iska, amma har yau abinci daga ƙasa ake kai shi, ganyen latas ɗin da aka ci a can a 2015 ɗanɗano ne kawai. Ya ce a riƙa juya gidan domin juyin ya haifar da nauyi na wucin gadi, wannan ma ba a gina ba tukuna. Kuma rashin nauyin da ya ɗauka ni'ima ce ya zo da nasa ciwo: ƙashi yana zaizayewa da wajen kashi 1 cikin 100 a kowane wata, tsoka tana saki, sai an tilasta wa kowa motsa jiki na kimanin awa 2 kullum.

Akwai wani ɓangare na rayuwarsa da ya fi kusa da fannina. A cikin littattafan da ya riƙa bugawa a Kaluga, ba ya amfani da haruffan Latin da na Girka da masana lissafi suka saba da su, sai ya gutsuro farkon kalmomin Rashanci ya sa a madadinsu, domin ɗan ƙasarsu ya karanta ya gane. A 1927 ma har ɗan littafi ya buga a kan haruffa da harshe na bai-ɗaya ga dukkan bil'adama. Rubutu da harshen gida ya jawo masa asara ta wani gefe, domin Yammacin Turai ba su san da shi ba. Da Bajamushe Haman Obat ya fitar da littafinsa na roka a 1923, jaridu suka yi ta yabo kamar shi ya fara, sai da wani matashin abokin Malam Konstantin ya sake buga maƙalar 1903 da gabatarwa cikin Jamusanci ya aika Turai kafin a san wanda ya riga wani. Amma ta ɗaya gefen, yaran Rasha da suka karanta shi da harshen uwa su ne suka girma suka ƙera rokokin, kuma da suka ƙera, sunayen gida suka raɗa musu. Sputnik abokin tafiya ne, Zarya alfijir, Zvezda tauraro, Mir kuwa duniya ce kuma zaman lafiya. Yau ɗan sama-jannatin Amurka sai ya koyi Rashanci kafin a ba shi ɗaki a tashar. Mu ma an fara mana aikin: 'yan jarida da ma'aikatan rediyo sun ba mu kumbo da tauraron ɗan'adam da ɗan sama-jannati, Umaru Dembo kuma ya kai yaran Hausa yawon sararin samaniya a littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969. Inda muka tsaya shi ne ƙofar aji. Yaro ya san Zara da Gamzaki da Kaza da 'ya'yanta daga bakin kakarsa, amma ranar da za a gaya masa dalilin da ya sa wata bai faɗo ba, da harshen da ba ya ji za a gaya masa, sai ya zama shi da kurman Biyatka duk ɗaya ne a gaban allo.

Juyin juya halin 1917 ya same shi yana ɗan shekara 60. A ƙarshen 1919 'yan sandan ciki suka kama shi suka kai shi Mosko, ya yi wajen mako biyu a tsare kafin a sake shi. Shekara biyu bayan haka gwamnatin da ta tsare shi ta yanka masa fansho na har abada, ya ajiye alli ya koma rubutu zalla. A 1929, shekarar da layin dogo daga Zariya ya ratsa Gusau ya isa Ƙauran Namoda, ya fitar da littafi a kan abin da ya kira jiragen ƙasa na roka: a jera rokoki kamar taragu, wadda manta ya ƙare a yar da ita, sauran su ci gaba ba tare da jan mataccen nauyi ba. Wannan ita ce mafitar matsalar raƙumin da ke ɗauke da abincinsa, kuma duk kumbon da ya taɓa kai mutum tasha, ta wannan hanya ya bi.

Ba zan ɓoye wa mai karatu abin da ban so a tare da shi ba. Baya ga falsafarsa a kan rai da halitta, wadda ta yi hannun riga da abin da muka yi imani da shi, ya yi rubuce-rubuce yana cewa al'ummar gobe ta riƙa tantance wanda ya cancanci haihuwa, a hana waɗanda ake gani masu naƙasa ne barin zuriya, har ma a kawar da dabbobin da ba su da amfani. Irin wannan tunani ya yaɗu a Turai da Amurka a zamaninsa, kuma duniya ta ga inda ya kai Jamus. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne fitowarsa daga bakin mutumin da aka kora daga makaranta saboda naƙasa. Gwamnatin Sobiyet ta ɗaukaka lissafinsa ta danne waɗannan takardu, sai bayan rushewarta aka buga su sosai.

Ya rasu a Kaluga ranar 19 ga Satumba, 1935, da ciwon dajin ciki, kwana biyu bayan cikarsa shekara 78, bai taɓa ganin roka ta fita daga iskar duniya ba. Ranar da aka yi bikin cikarsa shekara 100 da haihuwa, babban injiniyan rokokin Sobiyet, Sagai Korolef, ya yi jawabi a kansa a Mosko, kwana 17 bayan haka Sputnik ya tashi. Yuri Gagarin ya kewaya duniya ranar 12 ga Afrilu, 1961, wata biyu bayan nan ya je Kaluga ya aza harsashin gidan tarihi don tunawa da shi. Ƙasarmu ma ta ɗan taɓa wannan tarihi, domin Amurkawa sun kafa tashar bin sawun kumbo a Kano, kuma tana cikin tashoshin da suka yi magana da Jon Gilen lokacin da ya kewaya duniya ranar 20 ga Fabrairu, 1962.

Gidan farko irin wanda ya tsara, Salyut 1, ya tashi ranar 19 ga Afrilu, 1971. Mutum uku suka zauna a cikinsa kwana 23, a hanyar dawowa wani ɗan murfi ya buɗe iskar kumbonsu ta tsere, aka tarar da su matattu a kujerunsu, ba su sanye da rigar kariya. Tun daga nan Rashawa ba su sake tashi ko sauka ba tare da ita ba. Mir ta yi shekara 15, daga 1986 zuwa 2001. Ƙasar Sin ta kammala tata tashar, Tiyangong, a 2022, mutum uku ne suke zama a ciki. Ita kuwa Tashar Ƙasa da Ƙasa tsufa ya kama ta, a 2024 aka ba kamfanin SpaceX kwangilar ƙera kumbon da zai jawo ta ƙasa bayan 2030, ta ƙone a iska, ragowar ta faɗa can cikin teku nesa da mutane. A bangon ɗakin Zvezda, inda Rashawa suke cin abinci, akwai hoton Gagarin da na Korolef da na tsohon malamin Kaluga da gemunsa da tabarau. Kafin a sauko da ita, a wasu ranaku bayan magariba ko gab da asuba takan ratsa saman Gusau, fara tas kamar Zara, ba ta ƙyaftawa kamar fitilar jirgin sama, ta gama ƙetare sama a cikin minti 5 ko 6.